Ɗakin Burodin Jamusawa da Dutsen Niƙan Ƙauyenmu

Sai da gwiwoyina suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa sannan aka ɗauke ni aka kai ni ƙasar Jamus. 'Yata ce ta haihu a can, mijinta Bajamushe ne, ta kafe a kan ba mai yi mata wankan jego sai ni. Na ɗauka birni za a kai ni in ga benaye, ashe ƙauye ne, ɗan mitsitsi, wanda ko unguwa ɗaya ta Kafanchan ta fi shi jama'a. Sunansa kuwa kada ma a tambaye ni, an maimaita mini har an gaji, harshena ya ƙi ɗauka. Abin da ya fara damuna a garin shi ne shiru. Ba kukan akuya, ba rediyon maƙwabci, ba mai mashin da zai danna maka oda a kunne. Ƙararrawar coci kaɗai ke magana, ita ma ta yi ta koma ta yi tsit. Inji ke wanki, inji ke wanke kwanuka, jaririya kuma sai barci kamar an aike ta. Ni da ban saba zama hannu sake ba sai na zama mai safa da marwa tsakanin taga da ƙofa, har 'yata ta ce ina sa ta jiri.

Uwar surukina ce ta cece ni. Kowa a gidan Oma yake ce mata, wato kaka, ni ma na bi sahu. Ta girme ni, tana tafiya da wani ɗan keke da take dogarawa a kai, amma idan ta miƙe hanya sai na yi da gaske nake kamo ta. Ba ta jin Hausa, Turancinta bai fi nawa ba, nawa kuwa na asibiti ne da kasuwa. Duk da haka kullum da hantsi sai ta ƙwanƙwasa, ta nuna mini rigar sanyi, ta nuna hanya. Idan 'yata ta samu sarari ta goya jaririya a ƙirji ta biyo mu tana fassara, idan ba ta samu ba mu yi da hannu da ido.

A haka na san garin, kuma gaskiya mutanen nan ba sa yar da komai. A tsakiyar gari akwai wata ƙatuwar bishiya da cikinta ya rube har yaro zai iya shiga ya zauna, an ɗaure ta da ƙarfe an sa mata tokara don kada ta faɗi. Oma ta ce a gindinta dattawan dā suke yanke shari'a. Na ce a raina, da a wurinmu ne da tuni ta zama gawayi. Kusa da ita akwai rijiya da ba mai shan ruwanta, amma an yi mata rufi ana shuka mata furanni. Gidajen tsofaffi ne, katakan jikinsu a waje kamar haƙarƙarin saniya, a saman kowace ƙofa an sassaƙa sunan wanda ya gina da na matarsa. Ta nuna mini bangon wani gida a bakin rafi inda aka ja layuka, kowane layi iyakar da ambaliya ta kai a wata shekara, na can sama ya wuce kaina. Ta ce wani yaƙi na zamanin kakannin kakanninsu ya taɓa cinye garin ƙurmus, annoba ta biyo baya, mutanen da suka rage ba su fi su zauna a ɗaki ɗaya ba, hasumiyar coci ce kawai ta tsaya. Mu ma mun san yadda gari yake wari bayan wuta. A bakin cocin akwai wani dogon dutse da aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen baya-bayan nan. Ta ɗora yatsa a kan sunan mahaifinta. Na sa 'yata ta karanto mini sunayen, duka maza ne.

"To matan fa?" na ce. "Su ba su mutu ba?"

Da aka fassara mata sai ta yi dariya har da tari, ta juya kekenta ta ce in biyo ta. Wani ɗan ɗaki ta kai ni a bayan coci, na dutse, baƙi ƙirin da hayaƙi a ciki, da wata babbar tanda da aka gina a jikin bango. Nan matan garin gaba ɗaya suke gasa burodi a dā. Tanda ɗaya ce ga kowa, saboda haka ƙuri'a ake jefawa a san wadda za ta fara. Ta farko ita ke shan wahala, don ita za ta ƙona itacenta ta ɗumama tanda mai sanyi, ta ƙarshe kuma ta samu wuta ta mutu. Kowane gida da tambarinsa da ake dannawa a kan ƙullun, don kada burodin wata ya tafi gidan wata. Oma ta ce a ɗakin nan ake ƙulla aure, a nan ake kashe shi da baki, a nan aka san wadda mijinta ke dukanta. Sai ta kama hannuna ta ɗora a kan doguwar muciyar katako da ake zura burodi da ita. Wurin riƙon ya lotsa, ya yi sumul, yatsuna suka zauna a ciki daram. Ta ce hannun uwarta ne, da na kakarta, da na waɗanda ba ta sani ba. Sannan ta dube ni ta tambaya, mu a garinmu me muke da shi?

Tuni hankalina ya bar ɗakin, ina can kan falalen dutsen da ke bayan ƙauyenmu.

Ƙauyenmu yana gindin tudu, tafiya kaɗan daga Kafanchan, idan iska ta juyo har kukan jirgin ƙasa muke ji. Shi ne agogonmu. Jirgin safe na yin kuka mata sun riga sun hau dutse da ƙoransu a ka, wannan da dawa, waccan da tamba, mai ƙaramin yaro da 'yar accarta. A kan falalen akwai gurabu, ramuka masu santsi da niƙa ya ci shekara da shekaru, wani zurfinsa har ya kai gwiwar hannu. Kowane gida da gurbinsa, uwar miji ke bar wa matar ɗanta. Idan suka durƙusa suka fara, ƙarar dutse a kan dutse sai ta haɗu ta zama ɗaya, gurr, gurr, a kanta ake ɗora waƙa, a kan waƙar ake ɗora habaici. Matar da ta kwana da fushi daga niƙanta ake ganewa. Mu 'yan mata aikinmu tara gari da ɗan tsintsiya da korar kaji, kunnuwanmu kuwa a buɗe. Namiji ba ya hawa wurin. Ba doka ba ce, tsoron bakin mata ne. Akwai wata Inyamura, matar wani ma'aikacin reluwe, da take zuwa sayen citta, wata rana ta ce sai ta gwada. Ta durƙusa ta tura ɗan dutsen, ya kufce ya gangara, aka bi shi da gudu ana ihu, daga ranar ta zama tamu. Yanzu fa? Yarinya ta ɗauki bokiti ta je wurin mai inji, ta toshe kunne da waya, ta dawo ba ta ji labarin kowa ba, garin da ta niƙo ma yana warin mai.

Gurbi na gida ne, amma ɗan dutsen da ake riƙewa a hannu na mace ne ita kaɗai. Amarya ke zuwa rafi ta zaɓo nata, da shi za ta yi niƙa har ƙarshen ranta, har ya ɗauki siffar tafinta. Idan ta mutu ba a gadonsa. Kifa shi ake yi a saman gurbin, a bayan na wadda ta riga ta. Saboda haka kowane gurbi yana da layinsa na 'ya'yan dutse, na can nesa shi ne na wadda ta fara, na kusa shi ne na wadda aka binne kwanan nan. Ba rubutu, ba alama, layin ne kawai. Kakata, uwar ubana, takan ja kunnena ta tsayar da ni a gaban namu ta ce, "Faɗa mini, wace ce wannan? Waccan fa?" In faɗi sunan, in faɗi ƙauyen da aka auro ta, in faɗi abin da aka san ta da shi, wannan mai rowa, waccan ta haifi tagwaye. Idan na yi kuskure ta ce, "Maza suna da kabari da gona, ana kiran sunansu a kan iyaka. Mu nan muke. Ki manta ki gani."

Ita da uwata ba su taɓa shiri ba. Kullum garin uwata ya yi tsaki-tsaki a bakin kakata, kullum miyarta gishiri ya yi yawa. Ranar da tsohuwar ta mutu na ɗauka uwata za ta huta. Amma a al'adarmu, kafin a kifa dutsen mamaciya sai matar ɗanta ta yi niƙan ƙarshe da shi, a dama kunu da garin, matan gari su sha. Bayan an gama zaman makoki aka hau dutse, mata suka kewaye mu, ba mai waƙa. Uwata ta durƙusa ta ɗauki dutsen kakata, ya yi wa hannunta girma, sai zamewa yake. Ni ina gabanta da tsintsiya. Ta tura, ta tura, can sai na ji ta fara magana da yarenmu, da muryar da take faɗa da ita a tsakar gida. Ta ce, "Kin ce ban iya ba. To ga shi, duba. Tashi ki taɓa ki ce da tsaki. Tashi mana! Wa zai gaya mini yanzu?" Hawaye na zuba a cikin garin tana haɗawa tana niƙewa, ba wadda ta hana ta. Ta niƙa dawar nan ta sake maimaitawa har ta yi laushi kamar toka. Da ta gama ta goge dutsen da bakin zanenta, ta kifa shi a layi da hannu biyu, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Ranar na fara sanin cewa mutum yana iya ƙaunar wanda bai taɓa yi wa magana mai daɗi ba. Kunun kuwa na sha, akwai gishiri-gishiri a cikinsa.

Ni ban samu gurbi ba, don ɗan reluwe na aura, a cikin Kafanchan na yi zaman aurena, inji ya ciyar da 'ya'yana. Lokacin da uwata ta rasu an daɗe da daina hawa dutse, amma tsofaffin da suka rage suka matsa sai an yi mata. Matar wana ta yi niƙan tana haki, aka kifa dutsen uwata a bayan na kakata. Shi ne na ƙarshe a layinmu, kuma ina jin shi ne na ƙarshe a garin. Duk lokacin da na je gida nakan lallaba in hau, in share ganye, in zauna kusa da shi. Kabarinta ciyawa ta cinye, an yi gona a gefe, amma a nan na san inda take.

Duk wannan na ba Oma ta bakin 'yata, a gutsure. Oma ta riƙe hannuna ta ce tana so ta ga hoto. Da muka koma gida 'yata ta shiga zauren 'yan ƙauyenmu na waya don ta roƙi wani ya ɗauko mana, sai na ga fuskarta ta canja.

"Momi, zauna tukuna," ta ce.

Hoton yana nan an riga an sa, ana ta yabawa. An jera tsofaffin tayoyi a gefen falalen an cinna musu wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, samari na tsaye da guduma suna dariya. Haka ake yi, a ƙona dutse ya tsage sannan a farfasa shi tsakuwa. Sabon coci za a gina. Na ce a kira mini ɗan wana, shi ne babba a gidanmu yanzu, magidanci ne da furfurarsa, kuma yana cikin kwamitin ginin.

"Mama, yaya sanyi? Yaya bebi?" ya ce.

"Bar sanyi. Wa ya ce ku sa wa dutsen nan wuta?"

"Ai komiti ne ya zauna, Mama. Tifa na tsakuwa yanzu ba a magana. Dattijon coci ya ce ga dutse Allah ya ba mu a bayan gida, ba wanda yana yin komai da shi, sai akuya. Fandeshan kawai za mu yi."

"Ba wanda yake komai da shi? Kakarka tana wurin!"

"Kakana yana wurin Yesu, Mama," ya ce a hankali. "Kai ma ka sani."

Na sani mana, ni da na tsufa a zumuntar matan coci shi zai koya mini? Ban ƙi coci ba, tsohon namu ruwa yake zuba a kan masu waƙa. Amma raina ya ɓaci. Na ce masa, "Ka ji ni da kyau. 'Ya'yan dutsen nan da ke kife a sama, kada guduma ta taɓa ko ɗaya. Ka kula mini da su har in dawo."

"Shi ke nan? Ai wannan ba wahala. Zan kula da shi da kaina, ka kwantar da hankali."

Hankali bai kwanta ba. Sauran zamana a ƙauyen Jamusawa a tsaye na yi shi. Ina gasa wa 'yata jiki da ruwan zafi ina lissafin inda wuta ta kai. Na dame ta da a kira gida, wani lokaci layi ya shiga, wani lokaci ya ƙi, idan ya shiga amsa ɗaya ce, komai lafiya. Oma ta zo ta kai ni ranar da suke hura tsohuwar tandar nan, don har yanzu suna yi jefi-jefi saboda yara su gani. Aka jefa ƙuri'a ana tafi, aka ba ni burodi mai zafi mai tauri. Na ci, na yi godiya, amma haushinsu nake ji, ba su yi mini komai ba. Na roƙi surukina ya matso mini da ranar tafiya, ya ce takardar jirgi ba ta canjuwa haka. 'Yata ta yi fushi ta ce na fi son dutse da jikata. Ba haka ba ne, amma ban iya bayyana mata ba, ita da ba ta taɓa durƙusawa a wurin ba.

Da na sauka Kafanchan kwana ɗaya na yi na hau mashin zuwa ƙauye. Tun daga nesa nake jin gudumomi. Rabin falalen ya tafi, gefen da gurbinmu yake ya zama rami da tulin tsakuwa, sauran ya yi baƙi ya tsattsage. Ɗan wana ya tarbe ni da murna, ya karɓi jakata, ya ce in zo in gani. Ya zagaya da ni bayan gida, ya yaye wani buhu.

Ga su nan, tuli guda. Na gidanmu, na gidan maƙera, na gidan sarki, na kowa da kowa.

"Ko ɗaya bai fashe ba," ya ce. "Kafin a kai wuta wurin na kwashe shi duka da baro, ni kaɗai, bayana har yanzu yana ciwo. Na sa an wanke shi ma da omo."

Na zauna a ƙasa. Shi namiji ne, bai taɓa hawa wurin yana yaro ba, ba wadda ta taɓa jan kunnensa a gaban layi. Duwatsu ya gani a kife, aka ce ya kula da su, ya kula.

Na aika aka kira mini ƙawata ta yarinta, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda muka tara gari tare. Ta zo da sanda, ta ga tulin, ta dafa ƙirji ta ce, "Yesu na!" Muka zauna muka fara. Na tuna na uwata yana da ɗan ɓalli a gefe ɗaya, sai ga masu ɓalli sun fi a ƙirga. Na tuna yana da duhu, wanki ya mai da su duka kala ɗaya.

"Wannan ne," in ji ƙawata, ta miƙo mini wani. "Na rantse wannan ne na mamanka." Na karɓa ina jujjuyawa, sai ta ɗago wani ta ce, "A'a, tsaya. Ko wannan? Kai, wannan kamar na uwar mijina."

Muka ce to bari mu jera sunayen ko da baki ne. Na fara na gidanmu, na kai tsakiya na tsaya cik. Mai rowa ce ta riga mai tagwaye, ko mai tagwaye ce ta riga ta? Akwai wata a tsakaninsu, na san akwai, an auro ta daga wajen Kagoro, sunan yana bakina ya ƙi fita. Ashe duk shekarun nan ba a kaina sunayen suke ba, sai ina kallon layin suke zuwa. Ƙawata ta ce ba haka aka jera ba, na ce haka ne, muka yi ta musu kamar yara har ta fashe da kuka.

Ɗan wana yana tsaye yana kallonmu, murnar ta bar fuskarsa. Ya durƙusa kusa da ni, ya cire hularsa.

"Mama, na yi laifi ne?"

Na dubi hannuwansa, duk sun farfashe da aikin ginin. Na ce masa ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka, ya je ana jiransa. Ya tashi ya tafi yana waiwaye. Ni kuma na gyara zama, na jawo tulin gabana, na ci gaba da ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya ina sa tafina a kai, ina neman uwata.